Da wane mudu za a auna gudummawar Farfesa Kogbe ga ilimin duwatsu?

Malamin_Jogarafi

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, kuma a bana na koma jami'a domin neman digiri na biyu. Tun da na fara tattara kayan bincike a kan duwatsun yankin Sakkwato, babu kundin da na buɗe ban ci karo da sunan Farfesa Cornelius Kogbe a shafukansa na farko ba. Wannan ya sa na ce wa wani abokin karatuna, a ganina mutumin nan yana cikin waɗanda suka fi kowa tasiri a koyar da ilimin duwatsu a Najeriya. Sai ya ce mini wannan magana ce ta son zuciya, domin a yau ana auna malami ne da yawan maƙalun da ya buga da kuma yawan waɗanda suka ambace su, kuma duk abin da ba a iya ƙirgawa ba hujja ba ne. Mun rabu ba mu daidaita ba. Tambayata gare ku ita ce, da wane mudu ya dace a auna malami irin wannan? Da adadin rubutunsa, ko da abin da ɗalibai suka koya daga gare shi, ko kuwa da wani abu dabam?

Tsohon_Dalibin_Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Ka taɓo abin da ya daɗe yana cikin raina. Kogbe ya koyar a sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a shekarun 1970, kuma ko da yake ban riske shi a aji ba, littafin Geology of Nigeria shi ne abincinmu safe da yamma. An fara buga shi a Legas a 1976, aka sake fitar da shi da gyare-gyare a 1989. Kwafin da muke rububi a kai a ɗakin karatu bangonsa ya riga ya rabu da jikinsa, an ɗaure shi da zare, gefen shafukan da ke magana a kan kwarin Binuwai da na Sakkwato sun yi baƙi saboda yawan shafa. Wanda ya samu aronsa ranar Juma'a, to ranar Asabar ɗakinsa ya zama makaranta. Babu na'urar da ta ƙirga waɗannan hannuwa da suka bi ta kan littafin, amma daga cikinsu aka samu masu nemo ruwa da masu nemo mai da malaman jami'a.

Hajiya_Kimiyya

Ina da gyara ƙarami, ranka ya daɗe, domin kada Malam ya kai maganar cikin kundinsa a karkace. Kogbe bai rubuta littafin nan shi kaɗai ba, shi ne editansa. Ya tattaro masana ne kowa ya rubuta babin da ya ƙware a kai. McCurry ce ta yi bitar tsofaffin duwatsun arewa, Rahaman ya yi na kudu maso yamma, Turner ya yi bayanin duwatsun zobe irin na Filato inda ake samun kuza, shi kuma Kogbe ya rubuta nasa babobin a kan duwatsun da suka samu ta hanyar kwanciyar laka da yashi. Wannan bai rage masa komai ba a wurina. Tara mutanen da kowannensu yake ji da kansa, a sa su rubuta abin da ɗalibin aji biyu zai iya karantawa, aiki ne da ba kowane farfesa yake iyawa ba. Sai dai irin wannan aiki shi ne wanda ma'aunin ƙirge ya fi zalunta, domin idan aka ambaci babi, sunan marubucin babin ake ƙirgawa, editan kuma ya tashi da kaɗan.

Tsohon_Dalibin_Samaru

Na karɓi gyara, Hajiya. Haka yake, kuma na gode.

Dan_Lissafi

Da alama ni ne zan tsaya wa abokin Malam, tun da ba ya nan. Ba na musun darajar dattijon, amma ina roƙon mu yi adalci ga ƙirge. Kafin a samu rumbunan intanet masu ƙirga maƙalu da ambatonsu, irin su Google Scholar da Scopus, waɗanda dukansu suka bayyana a 2004, darajar malami tana hannun waɗanda suka san shi ne, kuma mun san yadda sanayya take aiki a ƙasarmu. Ma'aunin da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 abu ne mai sauƙi. Idan aka ce ma'aunin malami 20 ne, ana nufin yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20. Wannan lissafi bai san ɗan wane ba, bai san garin da ka fito ba. Yarinyar da ta fito daga ƙauye ba ta da uban gida za ta iya nuna shi ta ce ga aikina. Idan muka yar da shi muka koma ga "ɗalibansa suna yabonsa", to kowane malami yana da masu yabonsa, har wanda bai tsinana komai ba.

Hajiya_Kimiyya

Ɗan'uwa, maganarka tana da ƙarfi a kan malaman yau, amma ba ta hau kan mutanen shekarun 1970 ba. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan Kogbe a kan yankin Sakkwato ya fito ne a 1979 a matsayin mujallar sashen ilimin duwatsu na Zariya. Irin wannan bugu na cikin gida ba ya shiga rumbunan da ka ambata yadda ya kamata, kuma dubban kundayen digiri na farko da na biyu da suka dogara da shi suna jibge a kan kantoci, ba wanda ya ɗora su a intanet. Ka ga ke nan ambaton yana nan, mai ƙirgawa ne bai je inda yake ba. Su kansu masu ilimin kimiyya na ƙasashen da suka ƙirƙiro ma'aunin sun ga illarsa, shi ya sa aka yi sanarwar San Francisco a 2012 wadda ta ja kunnen jami'o'i da su daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga aiki a ciki.

Akwai kuma abin da ban ga an ambata ba tukuna. Kogbe ne editan da ya kafa Journal of African Earth Sciences, wadda ta fara fitowa a 1983, kuma har yau tana fitowa. Ku yi tunanin matashin da ya gama bincike a kan wani tsauni a Kamaru ko Sudan a wancan zamani, manyan mujallun Turai suna ganin aikinsa na unguwa ne. Buɗe masa ƙofar da duniya za ta karanta shi, a wane gurbi na lissafi za a saka wannan?

Injiniyan_Burtsatse

Ni ba malamin jami'a ba ne, aikina haƙa rijiyoyin burtsatse a Sakkwato da Kebbi, kuma zan faɗi abin da na gani da idona. Idan muna haƙa, kowane mita uku yaro yana ɗibar abin da ya fito daga rami ya zuba a ƙasa, tuli bayan tuli, a jere kamar kashin tumatir a kasuwa. Da wannan jeri nake karanta ƙasa. Idan na ga jan yashi da yumɓu mai ratsin fari, na san ina cikin shimfiɗar Gwandu, wato hawan ƙasa da aka raɗa wa sunan garin Gwandu, wadda ita ce babbar ma'ajiyar ruwa a yammacin yankin. Idan farin gari ya fara fitowa, na shiga dutsen farar ƙasa na Kalambaina. Idan kuwa laka mai duhu mai santsi ta biyo baya, wadda take manne wa bakin ƙarfe, to Dange ce, kuma na san ba ruwan kirki a cikinta, sai na huda ta na isa lallausan yashin Wurno da Taloka a ƙasa.

Wannan jeri na Gundumi da Illo a can ƙasa, sai Taloka da Dukamaje da Wurno, sai Dange da Kalambaina da Gamba, sai Gwandu a sama, na haddace shi ne a makaranta daga rubutun Kogbe. Wata rana wani mai gida ya matsa mini in tsaya a mita arba'in domin ya ga danshi, na ce masa wannan danshin kan laka ne, zai ƙafe kafin bazara, ya yi haƙuri mu zarce. Ya amince da ƙyar, kuma rijiyar tana ba unguwar ruwa har yau. Ban taɓa rubuta maƙala na ambaci kowa ba, amma da ilimin mutumin nan nake cin abinci, kuma da shi mutane suke shan ruwa.

Dattijon_Safiyo

Madalla da bayanin Injiniya, amma a matsayina na wanda ya yi aikin taswirar duwatsu shekaru masu yawa, wajibi ne in ce kada mu ɗora wa mutum ɗaya kayan ayari. Binciken duwatsun arewa ya girmi Kogbe nesa ba kusa ba. Falconer ya fitar da littafinsa a kan duwatsu da labarin ƙasar arewacin Najeriya tun 1911, an kafa hukumar binciken duwatsu ta ƙasa a 1919, kuma Jones ya yi bayanin duwatsun lardin Sakkwato a 1948. Yawancin sunayen da Injiniya ya jero sun samo asali ne daga ayyukan da suka gabata. Ta fuskar ruwa kuma, rahoton Anderson da Ogilbee na 1973, wanda hukumar binciken duwatsu ta Amurka ta buga, shi ne ya fayyace ma'ajiyoyin ruwan kwarin. Abin da Kogbe ya yi shi ne ya koma fili ya sake auna shimfiɗun, ya gyara iyakokinsu, ya ware lakar da ke saman Kalambaina ya kira ta Gamba, sannan ya ɗinke labarin ya zama guda, ya haɗa shi da abin da ke hayin iyaka. Wannan babban aiki ne, kuma ya isa a yaba masa a kansa ba tare da an kwashe na wasu an ƙara masa ba.

Injiniyan_Burtsatse

Gaskiya ne, Baba. Ni ta hannunsa abin ya iso gare ni, shi ya sa na jingina masa. Rahoton Amurkawan ma ina da kwafinsa a mota.

Dan_Adar

Gaisuwa daga Tawa. Maganar hayin iyaka da Baba ya yi ita ta sa na shigo. Abin da kuke kira kwarin Sakkwato gefen kudu maso gabas ne kawai na babban kwarin Iullemmeden, wanda ya ɗauki sunan wata ƙungiyar Abzinawa, kuma mafi yawansa yana cikin Nijar, ya taɓa Mali da Aljeriya da Benin. Dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza ɗan'uwan na Kalambaina ne, teku ɗaya ce ta kwantar da su. Matsalarmu ita ce mu a Yamai mun yi karatu da Faransanci, da rubutun Greigert na 1966 da sunaye irin su Continental Terminal, ku kuma kuna cewa Gwandu, alhali abu ɗaya muke nufi. Ɗalibin Tawa da ɗalibin Sakkwato za su iya zama a kan tabarma ɗaya su yi hira da Hausa har dare, amma idan aka zo maganar dutsen da ke ƙarƙashin tabarmar sai su kasa fahimtar juna. Abin da na gani a rubutun Kogbe shi ne yana sanya sunayen ɓangarorin biyu kafaɗa da kafaɗa, kuma ko a sunan aikinsa na 1979 ya kira Sakkwato yanki ne na Iullemmeden. A wurina wannan tasiri ne na koyarwa, domin ya hana ɗalibi ɗaukar cewa duwatsu suna tsayawa a Illela su nuna fasfo kafin su shiga Birnin Ƙonni.

Yar_Goronyo

Ina neman afuwa idan na kauce kaɗan. Ni 'yar Goronyo ce, kuma sai da na kai aji uku a jami'a kafin na ji cewa akwai dinoso da aka raɗa wa sunan garinmu. Na yi firamare da sakandare a can, babu malamin da ya taɓa faɗa mana. Shin wannan ma aikin Kogbe ne?

Hajiya_Kimiyya

'Yata, ba ki kauce ba, kin ma kawo mu tsakiyar maganar. Da farko, dabbar ba dinoso ba ce, wata ƙatuwar dabbar teku ce mai jan ciki daga dangin da ake kira mosaso, masu kusanci da damo da guza. Sunanta Goronyosaurus nigeriensis. Swinton ne ya fara bayanin ƙasusuwanta a 1930, daga baya ayarin masana na Italiya ƙarƙashin Azzaroli suka samo ƙarin ƙasusuwa a yankin Goronyo suka ba ta wannan suna a 1972. An same ta a shimfiɗar Dukamaje, wadda ta kwanta a ƙarshen zamanin da ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani reshen teku ya ratso Sahara ya malale yankinku. Don haka ba Kogbe ne ya gano ta ba, amma bayaninsa na shimfiɗun yana cikin abin da ke sa a gane a wane irin ruwa ta rayu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da kika faɗa, cewa babu wanda ya gaya muku. Kan dabbar yana ajiye a Fulorans ta Italiya, labarinta yana cikin mujallu, yaran da suke kiwo a kan tudun da aka tono ta ba su san da ita ba.

Malamin_Jogarafi

Wannan magana ta 'Yar Goronyo ta sa na sake duba tambayata. Na ce Kogbe yana da tasiri a koyarwa, amma gaskiya a jami'a tasirin ya tsaya. A sakandare ba mu da darasin ilimin duwatsu mai zaman kansa, ɗan abin da ake yi yana cikin labarin ƙasa ne, kuma misalan da ke cikin littattafanmu sau da yawa na wasu nahiyoyi ne. Na shekara ina zana wa yara kogunan ƙarƙashin dutsen farar ƙasa na Turai a allo, ban taɓa kawo musu ɓallin dutsen Kalambaina sun riƙe ba, alhali da simintinsa aka gina ajin da muke ciki.

Malama_Tarbiyya

Malam, a nan ne nake so mu bambanta abu biyu da muke ta cakuɗawa tun farkon zaren nan. Akwai masanin duwatsu da yake koyarwa, akwai kuma masanin da bincikensa shi ne yadda ake koyar da ilimin duwatsu. Kogbe na farkon ne. Misalin na biyu shi ne Chris King, wanda ya yi shekaru yana malamin makaranta, daga baya ya koma Jami'ar Keele a Ingila yana horar da malamai. Ya bi littattafan kimiyya na sakandare na Ingila da Wales shafi bayan shafi yana fitar da kurakuran da ke cikinsu, irin cewa wai ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon duniya narkakken ruwa ne, alhali dutse ne daskararre da yake motsi a hankali ƙwarai. Shi da abokan aikinsa biyu suka kafa Earthlearningidea, inda ake samun darussa kyauta waɗanda malami zai iya yi da kwalba da yashi da ruwa, kuma an fassara su zuwa harsuna da dama.

Na gwada irin wannan da ɗalibaina masu koyon aikin malanta. Muka zuba tsakuwa da yashi da laka a gorar roba, muka cika ta da ruwa muka girgiza, muka ajiye a bakin taga. Kafin a tashi tsakuwa ta zauna a ƙasa, yashi a kanta, ruwan da ke samansu kuma ya yi dululu, washegari laka ta kwanta a sama siririya kamar fatar madara. Wata ɗaliba ta daɗe tana kallon gorar, sannan ta ce ashe abin da take gani a bangon rijiyar gidansu ke nan. Abin da muka rasa a ƙasar nan shi ne mutanen da za su tsaya tsakanin Kogbe da wannan yarinya. Ba laifinsa ba ne da bai yi aikin King ba, ya yi nasa. Laifinmu ne mu da muke sassan koyar da malanta.

Dan_Lissafi

Malama, na yarda da rabewar da kika yi, amma ki lura cewa shi ma King ana iya ƙirga nasa tasirin. Ana iya sanin sau nawa aka sauke darussansa, da malamai nawa suka halarci horonsa. Wato ba ƙirge ne matsala ba, abin da aka zaɓa a ƙirga ne. Idan Hajiya ta ce kundayen digiri suna kan kantoci, to a ɗora su a intanet a ƙirga su. Ni abin da nake tsoro shi ne a bar ma'auni gaba ɗaya.

Lakcara_Mai_Guduma

Ɗan'uwa, ka yi magana a kan abin da aka zaɓa a ƙirga, bari in ba ka labarin yadda zaɓin yake a aikace. A wata jami'a da na yi aiki, na kwashe hutu biyu ina rubuta jagorar fita fili domin ɗaliban aji biyu, tasha bayan tasha, da taswira da tambayoyin da za su amsa a gaban kowane dutse. Da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ya ce wannan ba bugu ba ne, ba shi da maki ko ɗaya. A shekarar kuma aka soke fitar saboda babu kuɗin mota, ga kuma matsalar tsaro a hanya, ɗalibai suka rubuta rahoton fili daga hotunan waɗanda suka gabace su. Na ji ciwon abin ƙwarai, domin na san muna yaye mutanen da ba su taɓa fasa dutse da guduma sun ga cikinsa ba. Tun daga nan na fahimci dalilin da ya sa abokan aikina suke yanka bincike ɗaya gida huɗu su buga. Da Kogbe matashi ne a yau, ina shakkar tsarin nan zai bar shi ya ɓata shekaru yana tattara littafin koyarwa.

A shekarar da muka samu fita, mun je wurin fasa dutse a Kalambaina. Wani yaro ya tsinci abu mai kama da ƙaramar ƙwallo, da zanen fure mai kunne biyar a bayansa, ya kawo mini yana tambaya ko wani ne ya sassaƙa. Na ce masa bushiyar teku ce da ta mutu fiye da shekaru miliyan 55 da suka wuce. Ya juya ya dubi busasshen filin da ke kewaye da mu, ya daɗe bai ce komai ba. Yanzu haka yana digirin digirgir a kan ƙananan halittun da ke cikin wannan dutse.

Uwar_Marayu

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ban san duwatsu ba, amma ina bin zaren nan da zuciya ɗaya saboda abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, an riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida ana daka shi ana niƙa shi a inda yara suke rarrafe, ba a san yana ɗauke da dalma mai yawa ba. Yara fiye da 400 suka rasu. Masana sun daɗe da sanin cewa dalma tana tafiya tare da wasu jijiyoyin zinariya, amma sanin bai fita daga harabar jami'a ya shiga tsakar gida ba. Don haka idan kuna maganar mudun auna malami, ni nawa mudun shi ne ko iliminsa ya isa kunnen uwa da harshen da take ji.

Dattijon_Safiyo

Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri. 'Yata, maganarki gaskiya ce, sai dai in ƙara cewa duwatsun Anka tsofaffin duwatsu ne na gindi, ba sa cikin shimfiɗun da Kogbe ya ƙware a kansu, don kada mai karatu ya haɗa biyun. Amma nauyin da kika ɗora a kanmu mu duka ne, kuma ban da abin da zan kare kaina da shi. Na yi shekaru ina kwana a ƙauyuka ina cin tuwonsu, ina rubuta rahoto da Turanci ina kaiwa ofis, ban taɓa tara mutanen gari na faɗa musu abin da na gani a ƙasarsu ba.

Dalibin_Kimiyya

Ina da tambaya ga manya. Mu yanzu littafin Farfesa Nuhu Obaje na 2009, Geology and Mineral Resources of Nigeria, shi muka fi karantawa domin ana samunsa a waya. Shin wannan ba ya nuna cewa zamanin littafin Kogbe ya wuce?

Tsohon_Dalibin_Samaru

Ƙanena, buɗe babin kwarin Sakkwato a littafin da ka ambata ka duba sunan wanda ake ta jingina bayani gare shi. Littafi yana tsufa, kuma daidai ne sabo ya maye gurbinsa, domin an samu sababbin hanyoyin gano shekarun duwatsu da ba a da su a 1976. Amma kana karanta Kogbe ne ta bakin wani, kamar yadda mu ma muka karanta Falconer da Jones ta bakinsa ba tare da mun lura ba.

Dan_Lissafi

Wannan kuwa ambato ne, kuma ana ƙirga shi. Ban sauka daga matsayina ba, sai dai na karɓi maganar Hajiya cewa lissafin mutanen wancan zamani a tauye yake, da maganar Lakcara cewa jagorar fili ta cancanci maki.

Malamin_Jogarafi

Na gode muku baki ɗaya. Zan nuna wa abokina zaren nan ya karanta da kansa, domin na ga ya samu mai tsaya masa. Ni dai abin da zan iya a ajina shi ne in fara da gorar Malama a makon gobe, sannan ina so in samo ɓallin dutsen farar ƙasa da lakar Dange da jan yashin Gwandu in ajiye a makaranta. Injiniya, ko za ka taimaka mini da su? Kuma da me zan nuna wa yara cewa dutsen farar ƙasa ne, tun da ba mu da sinadarai a ɗakin gwaji?

Injiniyan_Burtsatse

Wannan mai sauƙi ne, Malam. Ka kankare dutsen da wuƙa ya yi gari, ka matsa masa lemon tsami, za su ga yana kumfa, ka sa su kara kunne su ji ƙarar kumfar. Sai ka yi haka a kan yashi su ga babu abin da ya faru. Muna da aiki a wajen Bodinga bayan sallah, zan sa yaro ya ƙulla maka abin da ya fito a leda daban-daban, in rubuta zurfin kowanne a jiki. Lakar Dange ka ajiye ta a gwangwani mai murfi, domin idan ta sha iska tana farfashewa ta zama ɓawo-ɓawo.

Yar_Goronyo

Malam, idan ka haɗa darasin ina roƙon ka turo mini. Ƙanwata tana koyarwa a firamare a gida, kuma ina so ta faɗa wa yaranta labarin dabbar nan da Hausa. Hajiya, idan akwai hoton kanta da za a iya bugawa a takarda, ki taimaka mana da shi.